Kafin Ka Sayi Ƙwayar Bitamin: Shawara Ga Wanda Alkama Da Nono Ba Su Karɓe Shi Ba

Akwai wanda da ya ci burodi, taliya ko finkaso sai ciki ya kumbura, wani kuma ludayi ɗaya na nono ya isa ya sa shi gudawa. Idan likita ya raba ka da su, ya ce ka riƙa shan bitamin, to ka sani ita kanta ƙwayar tana iya ɗauke da abin da kake gudu. Masu haɗa magani sukan cika ta da sitacin alkama ko sukarin madara domin ta yi jiki.

A Kamba da Bagudo na jihar Kebbi, kwalin magani harshe biyu yake yi. Wanda ya fito ta Birnin Kebbi da Turanci yake zuwa, na Gaya da Malanville kuwa da Faransanci. Na farko, kada hoton lemu da ke gaban kwali ya ruɗe ka. Juya bayansa, ka nemi ƙananan rubutun da ke lissafa kayan haɗi. A Turanci ka guji wheat starch, malt, lactose, whey da casein. A Faransanci su ne amidon de blé, malt, lactose, lactosérum da caséine. Sitacin masara, wato maize starch ko amidon de maïs, ba shi da illa. Idan an rubuta gluten free ko sans gluten, ana nufin sinadarin gulutin, wanda ake samu a alkama, bai wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya ba.

Na biyu, ka san ciwonka. Wanda cikinsa ne kawai ba ya narkar da sukarin madara, ɗan abin da ke cikin ƙwaya ba kasafai yake damunsa ba. Amma wanda madara ke fesa wa ƙuraje ko ta toshe masa numfashi, ko ɗigo kada ya yarda.

Na uku, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ƙwayar da ake ƙirgawa a leda ranar kasuwa, ba kwali ba takarda, ka bar ta ko da kyauta ce.

Wace za ka zaɓa? Barin nono na rage kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, garin fulawa kuma a Najeriya ana ƙara masa bitamin A da ayon, sinadarin ƙarin jini, don haka barinsa ma na rage su. Saboda haka ka nemi mai ɗauke da kalsiyam, bitamin D, B12 da ayon.

Ƙwaya dai taimako ce. Gero, dawa, masara da shinkafarmu ta Kebbi duk babu gulutin a cikinsu. Ka haɗa da zogale, miyar kuka, riɗi, da ƙananan busassun kifin kogi da ake ci har ƙaya.

Roƙona ɗaya: kada ka yanke wa kanka alkama kafin gwaji, domin barinta na ɓoye cutar rashin jure gulutin a sakamakon jini. Ka fara ganin likita, kuma ranar komawa ka tafi masa da kwalin a hannu. Allah Ya ƙara mana lafiya.