Dokina Na Tari Tun Hunturun Bara

Tambaya: Dokina yana tari tun hunturun bara. A hawan Sallah ko ɗan sukuwa ya yi sai ya tsaya yana haki. Yana cin abinci sosai. Mene ne wannan? Daga wani mai doki, Agadez.

Amsa: Malam, sannu da jinya. Abin da ka faɗa ya yi kama da fukar doki, wadda ƙura da ruɓaɓɓiyar harawa ke tayarwa, ga kuma ƙurar hunturu ta Agadez da kowa ya sani. Amma kada mu yi saurin yanke hukunci.

Da asuba, kafin ya motsa, ka ƙirga numfashinsa. Lafiyayyen doki yana yin 8 zuwa 16 a minti ɗaya. Dubi cikinsa: idan yana matse shi sau biyu kafin iska ta fita, hancinsa a buɗe, har wani layi ya fito a ƙasan haƙarƙari, ciwon ya daɗe. Fuka ba ta cika zuwa da zazzaɓi ba. In zafin jikinsa ya wuce digiri 38.5, ko ka ga majina mai ruwan ƙwai, ko gyambo a hanci, ka ware shi daga sauran dawaki nan take, domin akwai cutar da ke kama mutum ma.

Ka kira likitan dabbobi, zai rufe masa hanci da jaka na ɗan lokaci don ya ja numfashi sosai, ya saurari huhun. In da hali, ya aika samfur ɗakin gwajin LABOCEL a Yamai.

Kafin nan, jiƙa harawar da ruwa, daina shara yana tsaye a turke, kuma ka bar sirdi ya huta.