Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Eddy Merckx?

Tambaya: Ina bin gasar tseren keke ta Faransa a talabijin, kuma ba a wuni masu sharhi ba su ambaci wani ɗan Beljiyam mai suna Eddy Merckx ba. Wane ne shi, me ya yi da har yau ake auna kowane sabon gwani da shi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: An haifi Eddy Merckx ranar 17 ga Yuni, 1945, ya tashi a wata unguwa ta gefen Brussels inda iyayensa ke da kantin kayan masarufi. Ya ci kambun duniya na 'yan sha'awa a 1964, shekarar da ta biyo ya mayar da tseren sana'a, bai ajiye keke ba sai 1978.

Kafin ka gane girmansa, sai ka san cewa tseren keke iri-iri ne. Akwai na mako uku, ana tafiya zango-zango, kamar Tour de France da Giro na Italiya da Vuelta na Sifaniya. Akwai na yini ɗaya, mai nisan fiye da kilomita 250, wani a kan hanyar daɓen dutse mai girgiza ƙashi. Jikin da ke hawan tsauni daban, jikin da ke gudun ƙarshe a fili daban, shi ya sa kusan kowane ɗan tsere ke zaɓar ɓangarensa ya tsaya nan. Merckx bai zaɓa ba. Ya ci Tour sau 5, Giro sau 5, Vuelta a 1973, kambun duniya na ƙwararru sau 3. Manyan tseren yini ɗaya guda biyar kuwa babu wanda bai ci ba, jimilla sau 19, ciki har da Milan zuwa San Remo sau 7. Nasarorinsa duka sun kai 525.

A ganina, abin da ya faru a Tour na 1969 ya fi duk waɗannan alƙaluma bayyana halinsa. Shi ne karonsa na farko a gasar. Yana sanye da rigar rawaya ta mai jan ragama, da tazarar da ta ishe shi ya bi ayari cikin kwanciyar hankali har Paris. Amma a tsaunukan Pyrenees, a zangon da ya ƙare a Mourenx, sai ya ɓalle shi kaɗai, ya tuƙa fiye da kilomita 100 ba mai tare masa iska, ya iso kusan minti 8 kafin na bayansa. Masu tseren keke suna laɓewa a bayan juna ne don su rage wahalar iska, saboda haka wanda ya fita shi kaɗai ya ɗauki nauyin da jama'a ke rabawa. A ƙarshen gasar, rigar rawaya da koriyar riga ta maki da kyautar gwanin tsauni duk shi ya kwashe. Wannan rashin bar wa kowa komai ya jawo masa laƙabin "mai cin naman mutane".

Shekarar nan ba ta zo masa da daɗi kaɗai ba. An kore shi daga Giro a Savona bisa zargin shan ƙwaya mai ƙara kuzari, zargin da ya musanta. A watan Satumba kuma ya yi mummunan haɗari a filin tsere na Blois, inda mai babur ɗin da ke masa jagora, Fernand Wambst, ya rasu. Merckx ya ji rauni a baya da ƙugu, ciwon bai rabu da shi ba, har akan gan shi yana gyara sirdi ana tsakiyar tsere. Ka lura, yawancin nasarorinsa bayan wannan rauni ya same su, har da kilomita 49.431 da ya tuƙa cikin awa ɗaya a birnin Meziko a 1972.

A 1975, yana neman Tour na shida, wani ɗan kallo ya naushe shi a ciki a hawan tsaunin Puy de Dôme. Kwanaki kaɗan bayan haka ya faɗi ya karya ƙashin kunci. Aka ba shi shawarar ya janye, ya ƙi, ya ƙarasa na biyu a bayan Bernard Thévenet na Faransa.

Da ya yi ritaya ya buɗe kamfanin ƙera kekuna da sunansa a 1980, Sarkin Beljiyam ya ba shi sarautar baron a 1996. Zango 34 da ya ci a Tour sun daɗe ba wanda ya wuce su, sai a 2024 da Mark Cavendish na Birtaniya ya kai 35. Cavendish gwanin gudun ƙarshe ne a fili, Merckx kuwa ya tara nasa a fili da tsauni da tseren agogo, inda kowa ke tuƙi shi kaɗai ana auna lokacinsa.