Abin Da Ya Sa Injin Mota Ke Sake Shaƙar Hayaƙinsa

Yawancin masu mota sun ɗauka cewa duk hayaƙin da inji ya yi ta salansa yake fita ya bi iska. Ba haka abin yake ba. A galibin motoci masu shan gas, da motocin fetur da dama, akwai wani ɗan bawul mai tare kaɗan daga cikin hayaƙin ya komar da shi cikin inji. Makanikai suna kiransa EGR. Ya kamata kowane direba ya san amfaninsa, domin sau da yawa in mota ta je gareji shi ake fara ba mai ita shawarar toshewa.

Asalin Matsalar

Iskar da ake shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 kuwa oksijin. Da oksijin mai yake cin wuta a cikin silinda. Ita naitirojin ba ruwanta da wuta, yadda ta shiga haka take fita. Amma idan zafin silinda ya haura kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyas, sai iskokin biyu su haɗu su haifar da wata iska mai guba. Wannan iska tana illata huhu, tana tayar da ciwon asma, musamman ga yara da tsofaffi, kuma in rana ta buge ta tare da tururin fetur sai ta zama hazo mai sa idanu raɗaɗi. Birnin Los Angeles na Amurka ya sha fama da irin wannan hazo shekara da shekaru. Bayan dokar tsabtace iska ta 1970, kamfanonin motoci na ƙasar suka shiga sanya wannan bawul gadan-gadan daga 1973.

Yadda Yake Aiki

Dabarar tsohuwa ce. Uwargida in garwashi ya yi mata ƙarfi takan yayyafa masa toka, zafi ya ragu, wuta kuma ba ta mutu ba. Hayaƙi tokar inji ce: ya riga ya ƙone, ba zai sake kamawa ba. In aka cuɗa shi da sabuwar iska, sai ya tsare gurbin wani ɓangare na oksijin, ya kuma shanye zafi, harshen wutar ya yi laushi, gubar ta ragu ƙwarai. A injin fetur ana mayar da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A injin gas yakan kai rabi, kuma akan sanyaya shi da ruwan lagireto tukuna.

Bawul ɗin ba kullum yake buɗe ba. A injin fetur yana rufe in inji bai ɗumama ba, da lokacin da mota ke tsaye a silo, da sa'ad da aka take totur har ƙasa don hawan tudu ko wuce wata mota. Sai an miƙe hanya ana tafiya daidai wa daida yake buɗewa. A tsofaffin motoci zuƙar iskar inji ce ke jansa ta wata 'yar siririyar tiyo. A na yanzu kwamfutar mota ce ke juya shi da lantarki.

Lalacewa Da Gyara

Babban abokin gabansa kunkunniya. Motar da ke yini cikin cunkoson Legas ko Kano ko Fatakwal, ko wadda ba a canja mata baƙin mai kan kari, ta fi saurin tara ta. Idan bawul ya maƙale a buɗe, mota takan yi kakkarwa a silo, ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya, ta rasa ƙarfi. Idan ya maƙale a rufe, injin fetur yakan yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma in aka bar shi haka fistan na iya lalacewa.

Wasu makanikai sukan yanko faranti na ƙarfe su toshe hanyar hayaƙin, mota ta daina kakkarwa, mai ita ya biya yana murna. Wannan ba gyara ba ne. Gubar ta ƙaru, kuma ɗan talla da ɗan acaɓa da mai ba da hannu a kan titi su ne za su shaƙe ta. Abin da ya dace shi ne a kwance bawul ɗin, a wanke shi da maganin wanke kafireta, a goge ramin da hayaƙi ke bi, a duba tiyo ko wayarsa, a sa sabon gasket. In ya ƙi motsi bayan haka, sai a sayo wani.