Darasi: garkar bayan ɗaki, ke da ɗanki

Uwa, yaro mai shekara 3 zuwa 5 ya isa ya taya ki aikin garka. Ki ware masa fili kamar faɗin tabarma, ki ba shi irin kuɓewa ko yakuwa ya shuka da hannunsa. Kowace safiya ku yi ban-ruwa tare, shi da ɗan gwangwaninsa, kakarsa tana koya masa sunayen tsirrai. In ya tumɓuke shuka, kada ki tsawata masa, ki nuna masa yadda ake mayar da ita. Yaron da ke ƙin miyar ganye yakan ci wanda ya tsinko da kansa, ganye kuwa na cikin abincin da ke kare shi daga tamowa. Ki rufe rijiya, ki ɗauke maganin ƙwari, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.