Yadda Ake Zaɓar Lokacin Hawan Dutse

Ƙasar Bagudo shimfiɗe take. Daga Illo zuwa Lolo, daga Kaoje zuwa Tsamiya a bakin iyakar Benin, fadamun shinkafa ne da daji da Kogin Neja, sai ɗan tudu nan da can. Shi ya sa yaranmu da karatu ko bautar ƙasa ko aikin Hajji ya kai inda manyan duwatsu suke sukan ɗauka ƙarfin ƙafa kaɗai ake nema. Amma ai Basarke ba ya sa jirgi a ruwa sai ya ɗaga kai ya dubi sama, kuma wannan tarbiyya ce dutse ke nema a wurin mai hawansa: ya san watan, ya san sa'ar, ya san lokacin juyowa.

Da farko a tsayar da dutsen da za a hau, a kuma tambayi lafiyar hanyarsa. Jerin tsaunukan da ya fi kusa da mu shi ne na Atakora a arewa maso yammacin Benin, wanda jelarsa ta miƙo har gandun dajin W a gaɓar Neja. Sai dai 'yan bindiga sun addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan, har sojojin Benin suna rasa rayuka a can, don haka ba wurin yawon buɗe ido ba ne yanzu. Haka Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara, sai an bincika sosai. Mai koyo ya fara da Dala a Kano, mai tsayin mita 534 daga doron teku, wanda aka yi wa matakala, sannan ya gwada Kufena a Zariya, inda zai san yadda falalen dutse yake a ƙarƙashin ƙafa.

Sai zaɓen wata, kuma a nan ne yawancin aikin yake. Damina a cire ta. Daga Yuni zuwa Satumba gansakuka kan rufe dutse, ya yi santsi ko ba a yi ruwa ranar ba, ciyawa ta yi tsawo ta ɓoye ramuka da macizai. Bazara ma a cire ta, musamman Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurarenmu. Dutse yana shan rana ya riƙe, kafin hantsi ya dubi ludayi tafin hannu ba ya iya dafa shi. Saura kaka da hunturu. A ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, sama ta wanke, mai hawa yana hango gonaki da ƙauyuka har iyakar ganinsa. Da zarar iskar arewa maso gabas ta fara kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo zai rufe komai. A Disamba da Janairu ana hawa cikin sanyi mai daɗi, amma sau da yawa a kai ƙololuwa ba a ga komai ba sai fari fat, kuma mai asma ko ciwon ƙirji yana shan wuya. Wanda zai hau a lokacin ya saurari hasashen hukumar NiMet, wadda ke sanar da ranakun da ƙura za ta yi kauri, ya kuma tambaya ko ana ƙona daji a gindin dutsen, domin wutar busasshiyar ciyawa ta fi mutum saurin hawa gangare.

In an tsayar da rana, a je tun ana gobe a gaida mai gari, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Mafarauci ko makiyayi ya fi, don shi ya san kogon da zuma ta yi gida da gefen da ke zamewa. A bar wa wani a ƙasa labarin hanyar da za a bi da lokacin da za a dawo.

Guzuri ba shi da yawa: ruwa lita biyu zuwa uku ga kowa, dabino da ƙuli-ƙuli, ƙullin gishiri da sukari, malafa, man kaɗanya don leɓe, da takalmi sau-ciki mai kama ƙasa. Silifas ba na dutse ba ne.

A yi sallar asuba a gindin dutse, gari na wayewa a fara hawa. Kafin a ɗaga ƙafa kuwa a yanke sa'ar juyowa, a ce ƙarfe 10 ko 11 na safe, kowa ya yarda cewa an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, lokacin na yi za a sauko. Wannan alkawari yana da wuyar cikawa idan mutum yana hangen saman dutse kusa, amma shi ke hana rana ta tsakiya ta riske shi a kan falale babu inuwa, ruwa ya ƙare. Alhazanmu masu hawa Jabalun Nur don ganin kogon Hira su fi kowa riƙe wannan. Hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji, kuma a Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi. Dattijo ko mai hawan jini ya haƙura, mai ƙarfi kuma ya je da sassafe.

Ana hawa ana duban gabas, don daga can hadarinmu ke tasowa, yawanci bayan azahar, kuma ko a Oktoba yakan yi na bankwana. Idan iska ta tsaya cik, sannan wata mai sanyi ta bugo, lokacin sauka ya yi. A ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar ƙololuwa da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Wanda ya ƙware yana iya nufar Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka-Gumti na Jihar Taraba kan iyakar Kamaru. Lissafin can daban ne. Daminarsu ta fi tamu tsawo, rafuka kan cika su tare hanya, don haka daga Disamba zuwa Maris ake zuwa, da izinin hukumar gandun da ke Serti da kuma jagoranta. Tafiya ce ta kwana da kwanaki. A kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi, ke nan saman dutsen ya fi Bagudo sanyi da digiri 13 ko fiye, ban da iska. Rigar sanyin da ta ishe mu a nan cikin Janairu ba za ta isa daren can ba.

Dusar ƙanƙara kuwa ba ta sauka a duwatsun Najeriya, sai dai ƙanƙarar ruwan sama irin ta Jos. Ana samun dusar a Tubkal na Maroko, mita 4,167, a watannin sanyi, da kan Kilimanjaro na Tanzaniya, mita 5,895, inda ake zuwa daga Janairu zuwa farkon Maris ko Yuni zuwa Oktoba. Da dare dusa kan daskare ta yi tauri, rana na bugunta ta yi laushi ƙafa ta riƙa nutsewa, kuma gajimare ya fi taruwa da rana, shi ya sa masu hawa Kilimanjaro kan bar zangon ƙarshe da tsakar dare don alfijir ya same su a sama.

Sauka ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya koma gida. A rage taku, a bi gangare a karkace, a bar tazara tsakanin mutum da mutum don kada tsakuwar da wani ya ture ta sami na ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka ɗauko a ajiye shi don wannan zango, kuma ana isa ƙasa a fara sanar da wanda aka bar wa labari.