Daga Abuja zuwa Maiduguri: awa guda a sama, wuni guda a lissafi

Tsakanin Abuja da Maiduguri ta sama kilomita 700 ne da 'yan kai, jirgi kan cinye su cikin awa ɗaya da minti goma zuwa ashirin. Ta ƙasa kuwa sai ka bi Jos, Bauchi, Potiskum da Damaturu, sama da kilomita 800, tun asuba har rana ta yi sanyi. Daga Legas nisan ya haura kilomita 1,200, kusan awa biyu idan jirgi ya miƙe, amma sau da yawa sai an ya da zango a Abuja. Abin mamaki, Njamena babban birnin Chadi ta fi Abuja kusa da Maiduguri nesa ba kusa ba, don kilomita 200 ne da ɗoriya.

Kada wannan awa guda ta ruɗe ka. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana wajen gari, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar Abuja, kuma ana so ka isa awa biyu kafin tashi. Ka haɗa da jiran kaya da jinkirin da ba a rasawa, za ka ga rabin wuni ya tafi.

Babban abin lura shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta wajen Chadi, Maiduguri kuma na bakin hanyarta. Wata safiyar rana takan zama fara fat kamar faranti, ka dube ta ido bai ƙifta ba. Idan matuƙi ba ya hango titin sauka, ba zai sauka ba. Sai a ɗage tashi daga safe zuwa azahar, daga azahar zuwa gobe, wani lokacin ma jirgi ya iso har saman gari ya juya. Saboda haka in ɗaurin aure za ka, ko jarrabawa a Jami'ar Maiduguri, ka tafi ana gobe. Ka kuma nemi jirgin safe, domin in an samu tsaiko kana da sauran rana a gaba.

In an soke jirgin, kada zuciya ta ɗebe ka ka faɗa mota da rana tsaka. Hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 130, ba a bin ta da dare, ga shingayen jami'an tsaro. A watan Fabrairun 2020 matafiyan da suka tarar an rufe hanya suka kwana a garin Auno da ke kan hanyar, aka kai musu hari, mutane da dama suka rasa rayukansu. Mai bin hanya ya yi sammako, ko ya kwana a Damaturu.

Filin da za ka sauka, wanda aka raɗa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, yana maƙwabtaka da sansanin sojojin sama. Wayarka ta zauna a aljihu, ban da ɗaukar hoto. Katin shaida ya kasance a hannu, ba a ƙasan jaka ba. An hana babur a garin tun 2011, don haka tasi ko Keke Napep za ka hau, gara ma ka sa wanda zai tarbe ka ya zo da mota. Ka riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda ranar da intanet ta ƙi. In kuma tafiyarka ta faɗo a Afrilu ko Mayu, zafi kan wuce digiri 40, ka sayi ruwa tun kafin ka fito daga filin.