Darasin Noma: Farin Gishiri a Gonar Rani

Ɗan'uwa manomi, ka taɓa ganin wani fari-fari a gefen fangali, kamar an barbaɗa gari? Wannan gishiri ne. Idan ya yi yawa, yana kashe gona.

Mu da ke zaune a Zaitawa, cikin birnin Kano, mun san irinsa a gindin tsohuwar katangar ƙasa. Laima tana hawowa daga ƙasa, rana ta busar da ita, gindin ya yi fari ya riƙa zagwanyewa. Abin da ke cin katanga shi ne ke cin gona.

Kowane ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji ba. Mutanen Bilma a Jamhuriyar Nijar suna tara ruwa a ramuka, rana ta shanye shi, su kwashe gishiri su yi kantu. Manomin da ke cika gonarsa da ruwa kullum, ba hanyar fita, aikin mutanen Bilma yake yi bai sani ba. Su riba suke ci, shi kuwa asara.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yake bin kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Alheri ne babba. Amma da yawanmu mun ɗauka yawan ruwa shi ne yawan amfani. Wani ya buɗe ruwa da magariba ya tafi gida, sai da safe. Ruwan da ya wuce bukata yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa, yana tasowa shekara bayan shekara. Idan ya kusa kai saiwa, zafin bazara ya janyo shi sama, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna.

Daga nan shuka ba ta iya shan ruwa sosai. Za ka ga ƙasa a jiƙe, amma ganye ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone. Iri ya fito tsilla-tsilla. Wake da albasa da karas su ne ke fara nunawa. Alkama ta fi su juriya, sha'ir da dabino sun fi kowa. A ƙasar Iraki, shekaru dubbai da suka wuce, gishiri ya sa manoma suka rage alkama suka koma sha'ir.

Kada ka ce ƙarin takin zamani ne magani. Shi ma dangin gishiri ne, yawansa yana ƙara ciwon.

Babban magani shi ne magudanar ruwa. Ku haɗu da maƙwabta ku yashe ta, ku cire kacalla da ciyawa, kada kowa ya toshe ta don ƙarin kunya biyu. Idan magudana tana aiki, ruwan damina zai wanke gishirin ya tafi da shi. Ka baje gonarka ta yi daidai, ka ba da ruwa gwargwadon bukata. Ka zuba takin gargajiya, ka rufe ƙasa da kara ko ƙaiƙayi don rage zafin rana. Idan ƙasar ta yi tauri, ruwa ya ƙi nutsewa, mai yiwuwa kanwa ce. Wannan sai ka kira malamin gona ya duba.

Aikin gida: ɗebo ƙasa daga inda ya yi fari, ka dama da ruwa a kwano. Idan ta kwanta, ka tsiyaye ruwan a baƙin faranti, ka shanya a rana. Ka kawo farantin aji, ka rubuta abin da ka gani a layi uku.